Man da na shafa wa Baba

Baba ya gama ƙuruciyarsa yana jan motar albasa daga Badaguishiri zuwa Birnin Konni, kuma abin da ya tsira da shi gwiwoyi ne biyu masu ciwo. Daga baya zuciya ta sa baki, likita ya ɗora shi kan ƙwayoyin tsinka jini. Ni ce malamar lakwal, wato makarantar boko, a gidanmu, mai ganin ta fi kowa wayewa, don haka jinyarsa ta faɗo kaina.

A kasuwar Konni na sayi man, ɗan kwalba daga tsallaken iyaka. Mai shagon ya ce wannan ba man zafin da muka saba ba ne, tatacce ne daga ganye, ba gauraye. Ƙamshinsa kamar alewar minti. Rubutun jikin kwalbar Ingilishi ne, ni kuwa Faransanci na karanta, girman kai kuma ya hana ni tambaya.

Safe da yamma nake malala masa shi, sannan in bi da tsumma da ruwan zafi, irin gashin da muke yi wa mai jego, don ya ratsa. Ya kuwa ratsa. Baba ya koma tafiya masallaci ba sanda, har yana ce wa Inna zai ƙara aure.

Sai asuwakinsa ya fara fitowa da jini. Haɓo ya biyo baya, na ce zafin bazara ne. Da baƙaƙen tabo suka fito masa a cinya, na ɗauka jini ne ya kwanta, na ƙara man a wurin, na ƙara gashi.

Ranar da ya yi aman jini muka kai shi asibiti. Ma'aikaciyar da ta karɓe mu ta shaƙi ƙamshin tun kafin ta taɓa shi. Ta ja ni gefe.

"Mi kunka shafa mai?"

Na nuna mata kwalbar. Ta ce man ɗan uwan asfirin ne, ta fata yake shiga jini, zafi na ƙara tura shi, kuma ba a haɗa shi da ƙwayoyin Baba. Baba bai kwana uku ba ya rasu.

A zaman makoki kowa ni yake sa wa albarka, wai ba a ga ɗiya mai jinya kamata ba. Na sunkuyar da kai ina amsa amin. Har yau ban gaya wa kowa ba, kuma ban yafe wa kaina ba.

Na jefa kwalbar a masai. Bana Inna, wadda ita ma aka ɗora kan ƙwayoyin, ta aika aka sayo mata wata. Ta miƙo mini ƙafarta.

"Taho ki shafa min, ɗiyata. Hannunki na da albarka, shi ya tada babanki."