Kajin Yaya Alhaji da Suka Zo Ajiya

Wata rana a farkon azumi, motar a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gidan Lantana a Funtuwa.

Bayan motar cike yake da kaji masu ƙwai, jajaye, manya, sai ƙyarƙyara suke yi.

Lantana matar aure ce mai kiwon kajin nama. Keken ɗinkinta ta sayar ta sayi 'yan tsaki, ta gyara ɗakin da ke bayan gida, ta shimfiɗa garin katako, ta yi ta fama da su da fitila da gawayi har suka yi ƙwari. Burinta ɗaya ne, su kai ƙaramar Sallah. Matan unguwa duk sun kama nasu, kowacce ta ce a ajiye mata.

Mai motar kuwa Alhaji Mamuda ne, yayan mijinta. Iska ta yaye rufin gidan kajinsa, ya rasa inda zai kai su, sai ya tuna ƙaninsa na da ɗaki.

Bai ma tambaya ba. Sanarwa ya zo yi.

Lantana ta ja mijinta Sabi'u zuwa bayan ƙyaure, ta yi ƙasa da murya.

"Baban Nafi'u, ba a haɗa masu ƙwai da na nama. Tun ranar da na sayi 'yan tsakin nan likitan dabbobi ya ja mini kunne."

"Kaza ai kaza ce. Ba ki ga lafiyarsu ƙalau ba?"

"Manya ne, sun saba da cutar da ke jikinsu. Nawa yara ne, ba za su iya ba."

"To, fita ki gaya wa Yaya da bakinki."

Kun ji mugunta? Ya san ba za ta iya ba. Wace mace ce za ta tsaya a zaure ta kalli yayan miji ta ce masa a'a? Mutumin da ko sunansa ba ta kamawa?

Ta fito ta durƙusa har ƙasa, ta ce, "Sannu da zuwa, Yaya." Shi ke nan abin da bakinta ya iya furtawa.

Aka sauke kaji. Aka ɗaura wata tsohuwar raga a tsakiyar ɗaki, wai an raba. Raga fa, jama'a! Kamar numfashi zai zo bakin raga ya yi sallama ya koma.

Iska ɗaya suke shaƙa. Bokiti ɗaya ake ɗebo musu ruwa da shi. Kullum da safe Alhaji zai zo kwasar ƙwai, ya ratsa ta cikin kajinta da takalmin da ya taka kashin nasa, ya fita yana murmushi.

Lantana ta yi iya yinta. Ta wanke mazubai, ta canza garin katako, ta rataya buhuna a jikin ragar. Da azumi a bakinta take wannan aikin, ranta kuma na tafasa.

Ba a jima ba ta fara jin atishawa a cikin kajinta.

Sai wani gurnani a maƙogwaronsu, kamar na tsoho mai mura. Idanu suka kumbura. Kajin da ke turereniya a kan abinci suka koma lungu, suka saki fukafukai, suka bar ci.

Ta kira likitan dabbobi. Yana leƙawa ya ga jajayen can bayan raga suna ta kiwonsu hankali kwance, ya girgiza kai. Ya ba da magani, ya ce a fitar da masu ƙwan yau ɗin nan.

Sabi'u ya ce a yi haƙuri, ba a gama rufin Yaya ba.

Wallahi ina rubuta wannan raina yana ɓaci.

Kowace safiya Lantana na shiga da buhu ta fito da shi da nauyi. Ita ta haƙa rami a bayan gida, ita ta binne su da hannunta. Waɗanda suka tsira ba su kai a kalle su ba, ƙashi da gashi kawai, ba wadda za ta iya miƙa wa mutum ta ce ga kazar Sallarka.

Matan unguwa suka zo da kwandunansu, suka koma da su wayam. Wasu sun jajanta mata. Wasu kuwa tun daga ƙofar gida suka fara cewa dama sun san ba za ta iya ba.

Jajibirin Sallah motar ta dawo. An gama rufi. Aka loda jajayen tsaf, ko ɗaya ba ta yi tari ba.

Alhaji ya leƙa ɓangaren Lantana, ya ga ɗaki fayau, ya taɓe baki.

"Ikon Allah! Ga nawa a ɗaki ɗaya da naki, ba abin da ya same su. Ke dai hannunki ne bai karɓi kiwo ba."

Ta ɗaga kai ta dubi mijinta. Sabi'u ya sunkuyar da kai yana gyara hula.

Alhaji ya sa aka sauke mata kiret ɗaya na ƙwai, wai tukwici.

Ranar Sallah, a gidan da aka kiwata kajin nama cike da ɗaki, ƙwai aka soya wa yara. Ƙwan kajin da suka kashe nata.

Ita ta soya. Ba ta ci ba.

Darasi:

Kaza mai ƙwai tana daɗewa a duniya, tana iya ɗauke da cuta a jikinta tana yawo garau. Kazar nama ƙarama ce, jikinta ba ya jure abin da babbar ta jure. Kada ku haɗa su ɗaki ɗaya, kada ku haɗa musu bokiti ko mazubi, kada mai shiga wajen waɗancan ya shiga wajen waɗannan da takalmi ɗaya. Raga ba ta tare cuta.

Ku kuma maza, ku ji tsoron Allah. In matarka ta gaya maka abin da ta sani a kan sana'arta, kai ne za ka fita ka faɗa wa ɗan'uwanka, ba ka tura ta inda ka san kunya za ta rufe mata baki ba.

In akwai mai kiwo a danginku, ko wani mai son kai kajinsa ajiya gidan mutane, ku tura masa wannan tun motar ba ta tsaya a ƙofa ba.