Sista Mai Madubi Ta Ajiye Aiki

Kafin likita ya iso, ta riga ta dafa kayan aiki, ta goge ɗan madubinta mai tsagaggen gefe. A asibitin haƙorin nan Sista Mai Madubi ake kiranta, don ba ka tashi daga kujerarta sai ka ga bayan haƙoranka da idonka.

Waɗanda ake gyara wa jerin haƙora su ne mutanenta. Ranar da aka cire wa mutum ƙarfen da ke daidaita masa haƙora, aka manna masa siririyar waya a bayan haƙoran ƙasa don kada su koma gidan jiya, sai ya miƙe yana washe baki. Ita kuwa ta tare ƙofa, ta zaunar da shi, ta koya masa zura zare ta ƙarƙashin wayar, haƙori bayan haƙori. A nan datti yake daskarewa ya cinye dasashi.

Wata malamar makaranta, tana budurwa lokacin, ta yi kunnen uwar shegu da zancen. Ta dawo dasashi a kumbure yana jini, haƙori ɗaya har ya fara motsi. A aji ma da hannu a baki take koyarwa.

"'Yata, kin share tsakar ɗaki, kin bar ƙarƙashin gado," in ji Sista.

Malama ta fashe da kuka. "Zai faɗi ko?"

"Ina raye? Buɗe bakin."

Ta kankare, ta wanke, ta yi ta kiranta wata bayan wata har dasashin ya kama. Haƙorin yana nan har yau.

Ranar da Sista za ta ajiye aiki, malama ta kawo 'yarta da aka sa wa waya. Sista ta ɗauki zare, hannu ya kama rawa saboda tsufa. Ta gwada, ta sake, zaren ya ƙi shiga. Wallahi duk wanda yake ɗakin sai da ya ji tausayi.

"Kawo, Sista," in ji malama. "Ke riƙe mana madubin."

Ta zura shi tsaf, yadda aka koya mata.

Sista, ke ce mai duba inda ba a gani, mai faɗa da dariya. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu tasowa a aikin, ku ma ku riƙa tare ƙofa. Madubin ta bar shi a kan tebur, ba ta tafi da shi ba.