Agwagwar Adjamé Ta Karɓi Aikin Ƙafafuna

Ana sallame sallar asuba muka fito, ni da 'yata da angona, wato ɗanta mai shekara biyu da 'yan watanni, wanda dominsa aka yi tafiyar kacokan. In kun ji inda muka nufa sai ku ce wannan ai ba tafiya ba ce: daga unguwar Biafra ta Treichville zuwa kasuwar Adjamé, duk a cikin Abijan. To ni da na sha zaman mota tun daga Damagaram kafin in iso garin nan, ina gaya muku wannan gajeriyar ta fi waccan doguwar labari.

Ga abin da ya fitar da mu. Da na zo na tarar da yaro kullum a naɗe cikin kunzugun kanti, sai na yi masa irin tamu ta gida: in zauna, in miƙe ƙafafu, in ɗora shi a kan sawuna yana fuskantata, in shimfiɗa takarda a ƙasa, ina yi masa 'yar waƙa har ya gama. Abin ya karɓe shi har ya wuce gona da iri. Angon nawa ya yanke hukunci cewa duk faɗin ƙasar nan ba inda zai biya buƙata sai a kan ƙafar Inna. Ni kuwa komawata gida ta matso. Uwarsa ta samar masa gurbi a makarantar renon yara don ta koma shagon ɗinkinta, su kuma sun ce ba sa karɓar mai kunzugu. In bai saba da wani mazauni ba kafin in tafi, gurbi ya kuɓuce, shago ya ci gaba da zama a rufe.

Surukina, mai shigo da kaya daga ƙasashen waje, ya riga ya gwada tasa. Ya shigo yana ta fara'a da wani zoben roba mai laushi, irin wanda ake ɗorawa a kan masai na zama don yara. Gidan kuwa na haya ne, ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, masai ɗaya na tsuguno wanda ramin nasa kaɗai ya isa ya firgita babba. Aka rasa inda za a ɗora zobe. Yaran gida suka mai da shi sitiyarin mota. Suruki ne, ba a yi masa dariya a gaban idonsa. Ɗaki na shiga na yi dariyata na ƙoshi.

Bas muka hau, cike maƙil da ma'aikata, kowa fes cikin guga. Wata baiwar Allah ta tashi ta ba ni wuri ba tare da na roƙa ba, abin da na lura mutanen garin nan ba sa rowarsa ga tsofaffi. Muka hau gada rana tana fitowa, ruwa shimfiɗe dama da hagu, masunta a ƙananan jirage suna janye komarsu. Can gaba ga dogayen benayen Plateau, waɗanda in ka ce sai ka ga ƙarshensu ɗankwalinka zai faɗi. Angona ya manna hanci a gilashi yana gaishe da kowace mota.

Adjamé kuwa sai wanda ya gani. Tun ba ka sauka ba hayaniya ta tarbe ka. Yaran motocin da suke kira gbaka suna reto a bakin ƙofa da hannu ɗaya, suna kiran Abobo, suna kiran Yopougon. An yi ruwa kafin gari ya waye, ƙasa ta zama kunu, masu baro suna ratsa mutane ba sannu ba gafara. Na tattare zanena, 'yata ta ƙara ɗaure goyo, muka kutsa.

Layin masu robobi muka fara. Fo iri-iri, wato mazaunin bayan gida na yara, an jera su har sama da kai, ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, kuma ba tsada, mafi araha bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba. Mai kayan ta zaɓo ɗaya ta ajiye a ƙasa, aka sauke ango. Ya leƙa ciki, ya dube mu, ya tsuguna a gefe ya miƙa hannu yana jiran a zuba abinci. Da uwar ta ɗaga shi za ta zaunar, ya sandare ƙafafu ya tsala ihu. Gaskiyarsa ce. Kullum ana kwaɓarsa kada ya zauna a kan kwano, yau kuma a ce ya yi abin da ya fi zama muni a ciki? Mai kayan ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce mana yako, wato sannunsu ta nan.

Daga nan 'yata ta ja mu Black Market, wai can ake samun na Turai. Wuri ne na rediyo da wayoyi da gwanjo, lunguna ƙanana, samari suna ta kirana tanti, wato gwaggo, suna nuna mini agogo, sai ka ce na ce musu ina da alƙawari da wani. Ɗaya ya ɓace ya dawo da fo mai kama da gadon sarauta, har da majingina, ya ce da yaro ya zauna zai yi kiɗa. Kuɗin da ya faɗa ya sa na tambaya ko har da mai wankewa ake sayarwa. Aka lallaɓa ango ya ɗosana, kiɗa ya tashi daga ƙarƙashinsa, sai ga shi ya yi tsalle ya maƙale a wuyana yana waiwaye. Ban ga laifinsa ba, ni ma da ƙasa za ta yi mini waƙa a irin wannan hali da na bar mata wurin.

Rana ta ɗaga, yunwa ta taso, muka zauna a rumfar masu garba kusa da babbar tashar mota. Garba wani irin dambun rogo ne da suke kira acake, da soyayyen kifi, a yanka albasa da tumatir da barkonon da zai sa ka tuna zunubanka. Masu sayarwar 'yan wajenmu ne, da suka ji Hausata ta Damagaram sai aka ƙara mini gutsuren kifi. Daga inda nake ina hango motocin arewa ana ɗaure musu kaya a sama, har da wadda zan shiga ba da jimawa ba. Sai na kau da kai na dubi angona.

Muna cikin ci ango ya fara matse-matse yana jan zanena. Na san alamar. Muka zaga bayan rumfa, na nemi guntun kwali, na tuɓe takalmi na miƙe ƙafafu a tsakiyar Adjamé, ba kunya ba tsoron Allah-wadai. Wata dattijuwar Bajula, 'yar wata ƙabila ta ƙasar nan, mai sayar da goro ta tsaya tana tafa hannu, ta nuna ƙafafunta ta nuna ƙirjinta, na gane tana cewa ita ma haka ta yi wa nata. 'Yata kuwa tana ta kallonmu, can ta ce, "Inna, kin lura? Ba ƙafar ce ta dame shi ba. Dubi hannunsa." Na duba. Ya damƙe manyan yatsun hannuna biyu gam, idonsa a cikin nawa. Ashe duk kwanakin nan abin riƙewa yake nema, da fuskar da zai kalla.

Da wannan muka sake shiga kasuwa, yanzu mun san abin da muke nema. A wani shago na wani dattijo ɗan Tawa da ya daɗe a garin muka same ta: fo mai siffar agwagwa, ruwan ɗorawa, kanta a gaba da idanu dara-dara, da 'yan maruƙa biyu a gefen kan. Gindinta da faɗi, na danna da hannu na ga ba ta tangaɗi, bakin kuma ba kaifin da zai ji wa yaro. Ango ya zagaye ta, ya gaishe ta, ya haye kamar mai hawan jaki, ya kama maruƙan ya ƙi sauka. Dattijon ya ce, "Hajiya, ciniki ya faɗa, mai kaya ya riga ya hau kayansa." Na ce, "Malam, ai shi ya sa za ka rage, ka ga yanzu ta zama ta hannu." Ya yi dariya ya rage, muka rabu da addu'a.

A hanyar dawowa agwagwa a cinyar ango ta zauna, ya ƙi yarda a sa ta a leda. Duk bas ɗin aka yi ta yi masa barka.

Washegari da safe aka ajiye ta a ƙofar ɗaki. Matan gida kowa ta sami abin yi a tsakar gida, mai wanki da mai tsintar shinkafa, ido dai yana wurinmu. Ango ya hau, ya kama maruƙa, ya zauna shiru, ba labari. Na yunƙura zan matso, 'yata ta ɗaga mini hannu. Ta tsuguna a gabansa ta fara 'yar waƙar tawa, da Hausarta ta 'yan Abijan da Faransanci ya cinye rabinta: "Yi maza, ɗan Inna, yi maza." Ban taɓa koya mata ba, ashe tana nan a kunnenta tun ita ce a kan ƙafar. Ba a jima ba ango ya miƙe yana nuna abin da ya yi da alfahari. Gida ya kaure da guɗa, maƙwabciya Bajula har da rawa. Yanzu ya kwana biyu a makarantarsa, keken ɗinki kuma ya koma kuka.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, kafin ka sayo wa yaro kaya ka tsaya ka ga abin da yake riƙewa, domin mai kuɗi ya sayo zobe, mai kiɗa ya kawo kiɗa, duk ba su tambayi mai zaman ba. Na yi murna ƙwarai, ba zan ɓoye ba, amma da 'yar ƙwalla a ciki. Yau da safe na zauna na miƙe ƙafafu don sabo, ango ya zo ya tsallake su, agwagwarsa a hammata, ko waiwaye bai yi ba. Na naɗe abina, na tashi na fara haɗa kayan komawa Damagaram.