Gugan Yaya Idi

Da kakar bana Yaya Idi ya cika shekara tara da rasuwa. Allah Ya haskaka kabarinsa. Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, manomi a wani ƙauye kusa da garin Babban Mutum.

Yana da rijiya a bakin gonarsa. Kowa a wajenmu idan ya gama jan ruwa yakan naɗe gugansa ya tafi da shi gida. Shi kuwa a jikin gwafa yake rataye nasa, domin baƙo. Ranar da aka ɗaure bakin rijiyar da siminti, ya sa ni na rubuta da tsinke cikin ajami tun bai bushe ba: Kowa ya sha.

Bayan girbi kuma ba ya kwashe kara. Wani Bafillace makiyayi, Buba, yakan sauko daga arewa ya yada zango a gonar, shanu su ci kara su bar taki. In aka ce wa Yaya ya yi hattara da mutanen daji, sai ya ce, "Wanne daga cikinsu? Ni Buba na sani." Buban nan ne ya ɗauko shi a amalanke zuwa asibiti cikin dare lokacin ciwon ajalinsa, mu 'yan'uwa muna ta neman mota.

Yau abin ya canza. Labaran ta'asa daga yammacin jiha suna shigowa ta waya, kuma ba ƙarya ba ne, an zubar da jini. Amma tsoro ya sa duk mai sanda da malfa ya zama abin zargi. Samari sun fara kewaya gonaki da gora. Ina tambayar kaina, da Yaya yana raye, wa zai fi tsoro, masu zuwa ko masu jira?

Makon jiya na tarar gwafar babu komai. Lawal, ɗansa da ya gaji gonar, ya sunkuyar da kai.

"Baba, samari sun ce in Buba ya sauka nan bana, da ni da shi duk ɗaya ne. Ina da iyali."

Ban ga laifinsa ba. Na sayo igiya da guga a kasuwa na rataye. Da na koma jiya, an datse igiyar da wuƙa, an yar da gugan a ƙasa.

Gero ya shiga rumbu, dawa ta kusa. Buba yana hanya, ya tsufa, kuma bai san komai ba. In ya iso ya ga gwafa babu guga, zai gane, ya juya, ba kuma zai sake dawowa ba.

Yaya bai bar dukiya ba. Rubutun bakin rijiya ma ya fara gogewa. Na ƙulle igiyar a inda aka yanke, na zura. Ta gajarce, amma har yanzu tana kaiwa ruwa.