Mai Kopto ta Gudel

Ran Lahadi ba na buɗe shagon ɗinkina. Ita ce rana ɗaya a sati da nake miƙe ƙafa a gidana na unguwar Bobiyel a Yamai, in sha kununa ba wadda ke tsaye a kaina tana cewa hannun rigarta ya matse. Amma waccan Lahadin da hantsi na yafa mayafi, na ce wa ɗiyata zan je Gudel cin kifi. Ta dube ni ta ƙasan ido, don ta san ban taɓa bin kifi har inda yake ba.

Ɗiyar ƙanwata ce, Allah ya ji ƙanta, ni na riƙe ta tun daga yaye. Wani direban taksi ɗan Gudel, Bazabarme, ya fito neman aurenta, kuma Juma'a mai zuwa magabatansa za su zo jin amsa wurin kawunta. Shi kawun ya riga ya ce yaron ya yi masa, wai ya iya gaisuwa. To wane ne bai iya durƙusawa ba in yana son abu? Ni dai na ce sai na ji da kunnena. In na ce a'a ba mai ɗaura wannan aure, kowa ya san haka, har ita yarinyar.

Na sauka a bakin gudron, wato kwalta, na shiga unguwar a ƙafa, kamar mai yawon shan iska. Na fara tsayawa wurin wata mai suyar fari masa, wato fanken fulawa, na zauna a bencinta ina ci da yaji. Sai da na ci uku sannan na jefa sunan yaron, wai ina neman direban da zai riƙa kai mini kaya kasuwa.

"Kin samu," in ji ta. "Yaron kirki ne. Ba ya zaman fada wurin samari masu shayi, ba ya shan taba."

Na yi gaba. Mai butiki, ɗan kantin da na sha ruwan sanyi a ciki, ya ce yaron kirki ne, ba ya zaman fada. Na gangara wajen garake, inda salati da shu, wato kabeji, suka yi kore shar har bakin gulbi. Wani tsoho yana ban ruwa ya ajiye bokiti, ya ciro mini karas biyu ya ɗauraye, ya ce, "Hajiya, wannan yaro ai ba a samun irinsa. Ko zaman fada ba ya yi."

A nan hankalina ya tashi. Mutum uku, bakinsu ɗaya, har kalmomin iri ɗaya, sai ka ce karatun allo. Shekara ashirin ina ɗinki a Yamai, ban taɓa jin mutumin da unguwa ta yaba gaba ɗaya ba, sai gawa. Na ce lalle yarinyar nan ta buga masa waya tun ina cikin taksi, shi kuma ya bi layi-layi ya gyara bakin mutane. Har karas ɗin na daina yarda da shi, amma na cinye, don yana da zaƙi.

Wajen azahar na ga wata mata zaune a ƙofar wani gida ƙarƙashin iccen bedi, da babbar roba a gabanta. Kopto take sayarwa, wato zogale dafaffe da aka kwaɗa da ƙuli da albasa. Tsarata ce ko ta ɗan girme ni, siririya, ba ta da yawan fara'a. Na gaishe ta da Zabarmanci, na ce mata fofo, ta amsa da Hausarta ta kasuwa, ta zuba mini da ɗan dambu a gefe. Gaskiya ban taɓa cin kopto irin nata ba, ba ɗaci ko kaɗan, ba kuma tsakuwa.

Na faɗi sunan yaron. Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da juya cokali a cikin roba.

Na sake faɗi, na ƙara da launin motarsa.

"Yana nan," ta ce.

"Yaya halinsa?"

"Tambayi mutane."

"Ai ke ma mutum ce, 'yar uwa."

Ta kau da kai wajen bango, ta ce ko in ƙara yaji.

Wani ɓangare na zuciyata har daɗi ya ji. Ga ta nan, mace ɗaya da ba a saye bakinta ba. Ta san wani abu, kuma abin ya yi munin da ko sunansa ba ta son ji. Ko mata ce ya ajiye a wata unguwa, ko ɗa ne a waje, ko kwalba. Na lissafa su duka ina tauna.

Ina da dabara ɗaya da ba ta taɓa ba ni kunya ba a shago. In kana son mace ta kwance maka cikinta, fara kwance naka. Sai na matso da kujera na rage murya.

"Bari in gaya miki gaskiya, ba kaya zai kai mini ba. Ɗiyata yake nema. Kada ki ji nauyi, tamu ma ba mala'ika ba ce. Barci gare ta har rana ta take. Tuwonta gudaji, miyarta ruwa. Baki kuwa, in ta fara ko ni sai in bar mata ɗakin. Kin ga na faɗa miki namu, ke ma faɗa mini nasu."

Ta saurare ni tsaf, har ta daina korar ƙuda. Da na gama ta ce, "Allah ya sa alheri."

Shi ke nan fa. Raina ya ɓaci, na wanke hannu na miƙe, na ce mata shirunta ya ishe ni amsa, ba zan ba da marainiya ga mutumin da sunansa ke rufe bakin dattijai ba.

Na nufi bakin gulbi, don kada in koma gida ba warin kifi a hannuna. Ina tafe ina shirya yadda zan gaya wa yarinyar, na san za ta yi kuka, ni ma kuma zan yi. Mai suyar kifin wata ƙatuwar mata ce mai surutu. Tana juya karfasa a cikin mai na ce mata duk unguwarsu mai gaskiya ɗaya ce, mai kopton ƙarƙashin bedi, ita kaɗai ta ƙi yabon direban nan.

Ta ajiye matsami ta dube ni.

"Hajiya, ke daga ina? Ita ta haife shi. Ɗan farinta ne. Ya za ta kama sunansa, balle ta yabe shi a gaban baƙuwa?"

Wallahi sai na dafe kai. Wannan kunya ba ta Zabarmawa kaɗai ba ce, tamu ce mu ma. Uwata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran yayanmu da sunansa ba, in ana zancensa tashi take ta ba da wuri. Na ga wannan kau da kai sau dubu a tsakar gidanmu na Maraɗi, amma da na zo neman laifi ban gane shi ba. Kuma na zauna a ƙofar gidan surukar ɗiyata, na ci abincinta, na zazzage mata aibin yarinyar da bakina, har da ƙari, don tuwon nata bai kai lalacewar da na faɗa ba.

Kifin ma ban iya ci ba, na sa aka ƙunshe mini. Hanyar gudron ɗaya ce, dole ta gaban bedin nan. Na ja mayafi na rufe rabin fuska ina sauri, sai na ji ta ce, "Hajiya."

Na tsaya. Ta miƙo mini leda cike da kopto, idonta a ƙasa.

"Ki kai mata," ta ce. "Ni maza huɗu na haifa, ba ni da ɗiya. Tuwo ba wuya, ni zan koya mata. Barci kuma ki bar ta ta yi, gidan miji ba a samu."

Na karɓa da hannu biyu. Da ƙyar na ce mata sai Juma'a, mu ne masu jiran baƙi.