Rabin Tatsuniyar Sambo

Ranar Juma'ar da ta wuce maigidana da ƙaninsa suka cika tsakar gidanmu na Gummi da musu. Ƙanin ya sayo sabon iyafis na sawa a kunne, irin marar igiyar nan, yana ta rantsuwa wai wanda bai ji waƙa da shi ba bai taɓa jin waƙa ba. Maigidan kuwa mutumin sifika ne, yana da wata 'yar baƙa da yake ratayewa a ƙusa, in ya kunna ta har maƙwabta sai sun san abin da yake sauraro. Da gardama ta ƙi ƙarewa suka juyo kaina wai in raba su. Na ce iyafis ya fi fitar da sauti, don gaskiya ce, na shige ɗaki na bar su. Ba su san abin da suka tono mini ba.

Ƙauyenmu yana can tsakanin Anka da Bukkuyum. In an gama girbi, dawa ta shiga rumbu, sanyi ya sauka, da an idar da sallar magariba sai a hura wuta da kara a ƙofar ɗakin Kaka. Ita ta haifi babanmu, kuma sunanta na ci, shi ya sa ba ta kirana da komai sai Takwara. Mu jikoki da 'ya'yan maƙwabta mu kewaye wutar, kowa na tura gyaɗarsa ko ɗan dankalinsa cikin toka, hayaƙi na bin mutum duk inda ya koma. Kaka ta miƙe ƙafafu wajen garwashi, ta gyara murya, ta ce, "Ga ta, ga ta, wa ka son ta?" Mu ce, "Mu ka son ta, Kaka!"

Kaka ba ta gani. Idanunta sun tafi tun ban yi wayo ba, don haka da kunne take ƙirga mu. Duk tatsuniyarta akwai waƙa a ciki, kowace waƙa kuma da amshinta, kuma dokarta ɗaya ce: ba ta ci gaba sai kowa ya amsa. In murya ɗaya ta ɓace sai ta tsaya cak, ta ce, "Ban jiya Luba ba." Luba ƙanwata ce, sarkin gyangyaɗi. Daga amshi Kaka take gane mai mura, da mai fushi, da wanda ya sha duka da rana. Ni ce mai jan amshin, don na fi kowa maƙogwaro, kuma ina ji da wannan matsayi ba kaɗan ba.

Ina da shekara goma sha uku Yaya Bello, wana, ya dawo daga wajen haƙar zinari da sabuwar waya, ya miƙa mini tsohuwar. Memorinta cike da waƙoƙi, ga iyafis da aka ɗaure igiyarsa da zare inda ta fara tsinkewa. Ranar da na fara sa shi a kunne sai da tsigar jikina ta tashi. Kalangu ta wannan gefe, murya ta wancan, har numfashin mawaƙin ina ji. Kafin nan rediyon babanmu kaɗai na sani, mai shishshiri, wanda sai an bubbuge shi yake magana. Kuma a gidan da kwano ɗaya muke ci, tabarma ɗaya muke kwana, wannan ne abu na farko da ya zama nawa ni kaɗai. Ba na neman wa kaina uzuri, ina faɗin yadda abin yake ne.

Sai na ƙirƙiro dabara. In zura igiyar ta cikin riga, in fito da ita ta wuya, in ɗora hijabi a kai. In zauna bakin wuta kamar kullum, ina kallon bakin Luba. Da na ga leɓɓanta sun motsa sai in jefa amshi. Na yi kusan mako ina wannan wayo. Sau ɗaya kawai Kaka ta ce, "Takwara, muryarki na zakkuwa a makare kwanan ga." Na ce mura ce.

Ranar da asirina ya tonu, wutar ta yi ƙasa, ba na gani sosai. Na hangi bakin Luba yana motsi, ashe gyaɗa take tauna. Ni kuwa na buɗe maƙogwaro na kwarara amshi iya ƙarfina, don mai abu a kunne bai san ihu yake yi ba. Kaka tana tsakiyar magana, ko waƙar ba a kai ba. Yara suka kwashe da dariya har da masu birgima. Kaka ta ce in matso. Ta shafa kaina, ta shafa kunnuwana ta kan hijabi, ta zura hannu ta jawo igiyar.

"Mi na wanga, Takwara? Kunnenki ya hidda saiwa?"

"Waƙa ta, Kaka. Cikin waya take."

"To buɗe muna mu jiya mana. Ko mu ba mu da kunne?"

Na turo baki na ce, "In anka buɗe sifika ba ta daɗi, ƙara ɗai take. Ga kunne aka jin ta da kyau."

Ta ce in sa mata ta ji. Na saka mata guda. Ta saurara tana kaɗa kai a hankali, har na fara jin daɗi, na ɗauka na ci nasara. Can ta cire ta miƙo mini.

"Lalle da daɗi. Amma wa ka amsa mai?"

"Ba a amsawa, Kaka."

"Allah sarki, bawan Allah," in ji ta. "Shina ta waƙa shi kaɗai."

Ba ta yi mini faɗa ba, ba ta ce za ta gaya wa Inna ba. Cewa ta yi a ƙara kara a wuta, a bar tatsuniyar da aka fara, akwai wata. Ni kuma, don taurin kai, na bar kunne ɗaya a toshe, ɗaya a buɗe, ina ganin na yi wa kowa adalci.

Ta ce an yi wani makiyayi, Sambo, mai busa sarewa. In ya busa, shanunsa su biyo shi, 'yan rugarsu kuma su san inda yake. Wata rana a bakin rafi ya taimaki wata tsohuwa ta ƙetare, ashe aljana ce. Ta ba shi ɗan gora mai waƙa a ciki. Ta ce in ya buɗe bakin goran kowa zai ji, amma daɗin zai rabu tsakanin masu ji. In ya kara a kunnensa, daɗin duka nasa ne. Sambo ya kara a kunne. Ya manta da sarewa. Shanu suka jira busa ba su ji ba, suka kama gabansu. Lokacin tashi ya yi, ruga ta ɗaure kaya bisa jakai, innarsa ta fito bakin rafi ta hango shi zaune gindin giginya ya ba ta baya. Sai ta fara kiransa da waƙa, mu kuma muna amsawa:

Shanu sun ƙetare rahi,
Sambo, waiwayo!
Rana ta kai bisa giginya,
Sambo, waiwayo!
Inna ta ɗaure kaya,
Sambo, waiwayo!

Daidai nan waƙar da na fi so ta shigo a kunnena na hagu. Na ce a raina, ai tatsuniyoyin Kaka maimaita kansu suke yi duk shekara, wannan ma zan sake jin ta. Na ɗaga hannu a hankali na mayar da ɗaya iyafis ɗin, ina tunanin makauniya ba za ta gan ni ba. Na manta ba da ido take gani ba.

Da waƙar ta ƙare na cire, sai na ji tana cewa, "Ƙurunƙus, na aje ta gindin murhu, mai so shi ɗauka gobe." Yara suna ta jan numfashi, wata 'yar maƙwabta har da share hawaye. Kaka ta juyo da fuskarta daidai inda nake.

"Takwara, kin jiya?"

"Na jiya, Kaka."

"To madalla."

Wannan ƙaryar ce ta rufe mini baki. Yaya zan koma in ce ta faɗa mini ƙarshen abin da na ce na ji? Na bari sai sanyin baɗi. Kafin damina ciwo ya kwantar da ita, gero bai kai gwiwa ba aka kai ta makwancinta. Bayan wasu shekaru zaman ƙauyen ya gagara, kowa ya kama inda zai iya, mu muka yo Gummi.

Na nemi ƙarshen labarin nan kamar kayan da suka ɓace. Luba ta ce barci ya ɗauke ta tun shanu ba su ƙetare ba. Na haɗu da biyu cikin yaran maƙwabta a wurin wani biki a Anka. Ɗaya ya ce Sambo ya bi sawun shanu ya same su, ɗayar ta rantse cewa ya zama kututture a gindin giginya. Na tambayi tsofaffi, har da matan Fulani masu kawo mana nono, ba wadda ta taɓa jin tatsuniyar. Sai a lokacin na gane abin da ya fi ci mini rai. Kaka ba gadon tatsuniyar nan ta yi ba. A wurin ta ƙirƙire ta, da ɗumin igiyar nan a hannunta, domin mutum ɗaya, kuma mutumin ya toshe kunne. Waƙar da na zaɓa a kanta kuwa, wallahi yau ko sunanta ba na iya tunawa.

Shi ya sa musun ranar Juma'a ya tsaya mini a rai. Sifika tana da laifinta, ta dami mai ciwon kai, ta tilasta wa maƙwabci jin abin da bai zaɓa ba. Amma mai jin sifika in ka kira shi zai juyo. Ban taɓa hana kowa iyafis ba, ni ma ina sawa in ina wanki. Sai dai har yau ba na iya sa duka biyun, kullum kunne ɗaya a buɗe yake, ko da ba kowa a gidan.

Da yammar ranar 'yata Hafsa, mai shekara shida, ta same ni a ɗaki ta ce in yi mata tatsuniya. Ban san abin da ya kai bakina ga Sambo ba. Na ba ta labarin gora, na ba ta na shanu, na rera waƙar tana amsawa da 'yar muryarta, "Sambo, waiwayo!" A nan na tsaya.

"Sai mi, Inna? Ya waiwaya?"

"Ban sani ba, Hafsa. Sa'adda Kakata tah hwaɗi wurin, ban saurara ba."

Ta dube ni da mamaki, ta ce, "To ki koma ki tambaye ta mana."

Na jawo ta jikina don kada ta ga fuskata. A tsakar gida sifikar babanta tana ta ƙara, ranar ban ce ya rage ba.