Sigar da ta hana taubashina siga

Shekarar da aka yi ƙidayar jama'a, wadda a cikinta rana ta yi husufi da hantsi har kajin gidanmu suka shige akurki suna zaton magariba ta yi, a shekarar ne bakin taubashina ya fashe. Allah Ya sa dariyar da na yi masa ba ta shiga littafin zunubina ba, domin na yi ta da yawa.

Taubashin nan ɗan goggona ne, mazaunin Faskari, direban babbar mota mai kai masara da dawa Legas. Ni kuwa ina Ƙanƙara, ina karantarwa da safe, da rana ina ɗinkin hula. Tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba sai ɗaya ya kira ɗaya bawansa. Yana ce mini Alaramma, ba don ya yarda na kai ba. Ina ce masa Alhaji Direba, shi kam ya je Makka da gaske.

Ana gab da ɗaurin auren ɗan yayansa a Sabuwa, sai wani ɗan kabu-kabu ya tsaya ƙofar gidana da saƙo, wai in je Faskari maza, Alhaji ba ya iya magana. Sai da na zauna don dariya. Mutumin da in ya fara labarin Legas a teburin mai shayi sai shayin kowa ya huce, shi ne ba ya iya magana? Na ce wannan ko da ƙafa ne sai na je na gani.

Na same shi a ɗakinsa ya naɗe baki da rawani kamar Buzu. Na yi sallama. Ya ɗago ido a wahale ya ce, "A alaiku'us sala'."

Na ce, "Ina mim ɗin? Wa ka bar wa?"

Ya harare ni, ya kwance rawanin, ya ja leɓensa na ƙasa da yatsa. Daga ciki akwai miki fari mai jan baki, girman ƙwayar wake. A gefen harshe akwai wani. Dasashi ya yi jawur, ganɗa ta bushe ta yi fari-fari. Duk wanda ya zauna gaban malami ya san haruffa da mafitarsu: ba da mim da wau daga leɓɓa suke fita, fa kuma daga leɓen ƙasa da haƙoran sama. To mikin nan ya je ya zauna daidai ƙofar waɗannan haruffa, ya hana su wucewa. Daga nan zan rubuta maganarsa da haruffanta cikakku, don in na rubuta ta yadda ta fito babu mai ganewa.

Na tambaye shi abin da ya ci. Ya leƙa tsakar gida, ya saki labule, ya jawo wani ɗan akwatin katako daga ƙarƙashin gado. A ciki ga wasu abubuwa jere, ruwan ƙasa, kamar kirfa mai kauri, kowanne da zoben takarda mai ruwan zinariya. Wani attajiri ne da ya sauke wa kaya a Legas ya ba shi kyauta.

Na shinshina na ce, "Alhaji, wannan ai taba ce."

Ya ce, "Kai dai bawa ba ka san kaya ba. Siga sunanta. Ta manya ce."

"Ta manya ko ta yara, ganyen taba ne aka naɗe."

"Tsaya in yi maka karatu, tunda kai ka saba yi wa mutane. Taba sha ake yi, ko? To wannan ba a haɗiye hayaƙinta. Ka ja, ka riƙe a baki, ka juya, ka fesar. Kurkurar baki ce, Alaramma, irin ta alwala."

Na ce, "To ga shi ka kurkure har fata ta bi ruwa."

Ya so ya yi dariya, leɓe ya tsage, ya riƙe haɓa yana salati da rabin haruffa. Ashe tafiya bayan tafiya yana maƙale ta a gefe guda na baki don kada barci ya ɗauke shi a kan sitiyari. In ta mutu ya tauna jiƙaƙƙen gindin, in ya kunna ba ya yarwa sai zafi ya taɓa leɓe, wai kayan tsada ba a barin saura. Da bakin ya fara raɗaɗi ya ɗauka zafin gari ne. Uwargidansa ta ba shi zuma, ya ɗan ji dama, ya koma wa akwatinsa. Wani direba ɗan'uwansa ya ce ya goga jar kanwa. Ya goga. Ya ce mini ranar ya zagaya motarsa da gudu har masu lodi suka ɗauka kunama ce.

Abin da ya sa ya aika a kira ni kuwa ba ƙarami ba ne. Yayansa ya rasu, shi kaɗai ne baffan ango, shi ne wakili. Shi zai zauna gaban jama'a ya nema, waliyyi ya bayar, ya karɓa, wato abin da malamai ke kira siga, wadda aure ba ya ƙulluwa sai da ita. Waliyyin kuma kakan amarya ne, wani tsoho a Sabuwa da bai haɗa taba da komai ba wajen ƙi. An ce ya taɓa sallamar masu neman wata jikarsa saboda ya hango karan sigari a bayan kunnen abokin saurayin. Kafin ya amsa wannan auren sai da ya aika aka bincika ko akwai mai busa hayaƙi a gidan ango. Aka ce masa babu, kuma a lokacin gaskiya aka faɗa.

Na ce, "Gwada mu ji. Ce: mun karɓa."

Ya gyara zama ya ce, "'Un kar'a."

Na kwanta a tabarma. Shi kuwa idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Yaron nan maraya ne. In aurensa ya lalace saboda bakina, da wace fuska zan shiga gidan uwarsa? Ara mini bakinka. Ka yi sigar a madadina, in an tambaya ka ce zazzaɓi ne ya feso mini."

Na tashi zaune. Na ce, "Wakili ya wakilta wani, wannan ya halatta. Baki zan ara maka, amma bakin nawa ba ya ƙarya. In ba a tambaya ba, ba ni faɗa. In an tambaya, sai abin da Allah Ya kawo."

Ya ce ya ji, tunda ba shi da wani bawan sai ni.

Ranar ɗaurin aure muka cika mota muka kama hanyar Sabuwa. Alhaji ya sha turare har mai tuƙa mu ya sauke gilashi. Ya jefa kanumfari a baki don ƙamshi, ya tofar da shi da sauri. Duk ramin da mota ta faɗa sai haƙori ya taɓa mikin, ya yi ƙara. Muna tsakiyar tafiya na ga wani abu ya turo aljihun 'yar cikinsa. Na taɓa shi da gwiwar hannu. Ya raɗa mini wai guda ɗaya ce, ya ɗauko ne ya jefa a rafi don ya nuna wa Shaiɗan ya tuba. Mun ƙetare rafi ya fi ɗaya, hannun bai fito ba.

Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan tsohon, ga goro da alewa a faranti. Tsohon ɗan siriri ne, farin gemu, ido kamar na shaho. Liman ya buɗe da addu'a, ya dubi ɓangarenmu ya ce, "To, bisimilla, a kawo siga."

Alhaji ya zabura, hannunsa ya dafe aljihu.

Wani dattijo daga cikinmu, da zuciya ɗaya, ya nuna shi ya ce, "Ga Alhaji Direba nan, siga tana wajensa."

Ban taɓa ganin zufa ta keto wa mutum da sauri haka ba. Ya dube ni, ya dubi hanya, kamar mai auna ko zai kai mota kafin a kama shi. Ni kuma dariya ta taso mini tun daga cibiya, na danne ta da tari, na ce, "Allah gafarta Malam, Alhaji ya wakilta ni. Bakinsa ba lafiya."

Liman ya tambaye shi ko haka ne, ya gyaɗa kai har hula ta zame. Sai tsohon ya miƙo wuya ya ce, "Mi ya samu bakin nashi?"

Na ce, "Miki ne, Baba."

"Subhanallahi. Mi ya kawo shi?"

Na ji yatsun Alhaji sun nutse a cinyata. Na nemi ƙarya ban iya ba, na nemi shiru babu hali. Na ce, "Siga ce, Baba."

Tsohon ya dubi Alhaji sama da ƙasa. Can sai gemunsa ya fara rawa, ya tuntsire da dariya, ya ce, "Siga? Ƙato kamar wanga, mai kai mota har bakin teku, kalma biyu ta hana shi barci har baki ya fashe? Alhaji, tilawarta ka yi ta yi?"

Jama'a suka ɗauka. Wani ya ce shi ma ranar da ya fara wakilci sai da cikinsa ya ɓaci. Liman yana share hawaye ya ce a yi wa Alhaji uzuri, tsoron haƙƙi alamar imani ne. Na nema, tsoho ya bayar, na karɓa, aka shafa fatiha, maroƙi ya sanar. Aure ya ɗauru. Da aka kawo tuwo da miyar da ta ji yaji, tsohon da kansa ya sa aka dama wa Alhaji kunu mai sanyi, yana ta sa masa albarka.

A hanyar komawa Alhaji har rawa yake da kafaɗa. Ya ce, "Alaramma, na 'yanta ka! Yau ka yi aiki."

Ni kuwa dariyar ta fara yi mini ɗaci. Na ce, "Ban yi ƙarya ba, amma na bar dattijo ya fahimci abin da ba shi ba, har ya sa maka albarka a kai. Wannan kaya a wuyana yake, kuma naka ne. Bashin baki ka ci. Ranar da naka ya warke, za ka je ka faɗa masa da ba da mim ɗinka cikakku."

Ya ce in bari a sha biki tukuna.

Mikin leɓe ya warke da ya yi kwanaki bai kunna ba. Na gefen harshe ya ƙi. Mako ya bi mako yana nan, har wasa ya fita daga maganar. Na je na tasa shi gaba zuwa asibiti. Likita ya haska fitila, ya taɓa, ya tambaye shi abin da yake sha. Alhaji ya fara karatun kurkurar baki. Likitan ya bar shi ya kai aya, sannan ya ce ai bakin da ke riƙe hayaƙin shi ke shan wuyar, kuma mikin da ya daɗe bai warke ba ba abin zama da shi a gida ba ne, don wani kan rikiɗe ya zama mugun ciwo. Aka ɗan yanki wurin aka kai gwaji. Zaman jiran nan Alhaji ko labarin Legas bai yi ba. Allah Ya rufa asiri, sakamako ya fito babu mugun abu. Ya juye sauran kayan akwatin a masai, uwargida ta samu wurin ajiye allura da zare.

Sai bayan kaka na samu na ja shi Sabuwa. Amarya ma har ta yi nauyi. Muka sami tsohon a zaure yana jan carbi. Bayan gaisuwa Alhaji ya durƙusa, ya kwashe labari tun daga attajirin Legas har zuwa masai, bai rage ba.

Tsohon ya ajiye carbinsa. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Kai kuma Malam, da na tambaye ka, mi ka ce mini?"

Na ce, "Siga na ce, Baba."

Ya maimaita kalmar a hankali, sau ɗaya, sau biyu. Gemun ya so ya yi rawa, ya kama shi da hannu. Ya ce, "Da na sani ran nan, wallahi da kun koma da goronku. Yanzu kuwa jikata na zaune lafiya, kai kuma Alhaji ka bar tabar. Amma ni kunu na ba ka a kan siga, ban kuwa ji ta daga bakinka ba. Gyara zama ka nema."

Alhaji ya ce, "Baba, ai an riga an..."

"Nema, na ce."

Babu liman, babu goro, daga mu sai wata akuya a bakin ƙofa. Alhaji ya tanƙwashe ƙafa ya ce, "Muna nema wa ɗanmu auren 'yarku."

Tsohon ya ce, "Mun ba ku."

Alhaji ya cika leɓɓansa ya ce, "Mun karɓa!" har akuyar ta zabura.

Tsoho ya saki gemun, dariya ta ƙwace masa, ya ƙwala kira cikin gida a kawo tuwo, a kuma cika yaji. Alhaji ya matso kusa da kunnena ya ce, "Na biya ko da saura?"

Na ce, "Ka biya."

Ya ce, "To tashi ka ɗebo wa ubangidanka ruwan wanke hannu."